Wata Huɗun da Mama Ta Ƙara

Las Norias, San Luis Potosí
Disamba

Inna Femia,

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Fada a coci bai ji shi ba, kuma in na tsaya gaisuwa tukuna na san zan fasa. Ba na so Mama ta tafi Amurka. Har addu'a nake a hana ta biza. To, na faɗa.

Yanzu sai gaisuwa. Ni ce Chela, 'yar Hermelinda, wadda kika bari tana aji uku. Yaya jikinki, yaya hannun? Kaka tana nan, ƙafafunta sun kumbura amma tana cin abinci. Ƙanwata Chayo ta warke daga tari. Ruwa bai yi ba bana, waken da muka shuka ko iri bai mayar ba. Na zaɓi wasiƙa ne saboda kin san wayar garin nan a shagon Don Nacho take, kuma matarsa ba ta rasa abin gogewa kusa da mutum in yana magana.

Mama ta sa sunanta wurin Doña Otilia mai kai mata aiki, za ta koma aikin cire naman ƙaguwa a Maryland in Afrilu ya zo. Rabonta da zuwa tun shekarar da Baba ya rasu. Amma doka ta canza. Da, Doña Otilia ke zuba fasfo ɗin mata a jaka ta kai ofishin biza na Amurka a Monterrey, ta dawo da su da hatimi. Yanzu kowace mace sai ta je da ƙafarta, ta tsaya gaban taga, a ɗauki hoton yatsunta, a yi mata tambayoyi. Shi ya sa duk Lahadi bayan coci take tara su a tsakar gidanta su gwada. Sai ta sa tabarau, ta murtuke fuska ta zama Ba'amurke, ta ce, "Kin taɓa wuce lokacin da aka ba ki?" Su kuma su amsa gaba ɗaya, "A'a!" kamar 'yan aji ɗaya. Doña Chonita ta ce, "Ni da ko gidan surukata ban taɓa ƙara kwana ba, ina ni ina Amurka?" Aka yi ta dariya. Na kalli Mama, bakinta ne kawai ya motsa.

Ni ke cika wa matan takardu saboda rubutuna yana da kyau. Doña Otilia ta ce kada in ɓata lokaci ina karanta wa kowa, in bi in sa alama a "a'a" tun daga sama har ƙasa.

Amma ni na sani, Inna. Na tuna shekarar da duk mata suka dawo a Nuwamba, Mama ba ta dawo ba sai Maris, saboda hannunki ya ruɓe aka yanke miki yatsu biyu kuma ba ki da kowa. Na kuma san zancen farar takardar nan da ake miƙawa a kan iyaka in za a fito. Mama ta ba Doña Otilia tata, ita kuma ta cusa ta cikin na sauran, don a ga kamar ta fito tare da su. Na ji Mama da Kaka suna maganar, suna zaton hankalina yana kan wasa.

Mama ba ta karatu. Duk inda na sa alama za ta sa hannu. Alƙalamin a hannuna yake, kuma tsoron hannun nawa nake ji. Ba aikin gida nake gudu ba, na iya kula da Kaka da Chayo da awaki. Abin da na kasa mantawa shi ne tsayuwar da na dinga yi a bakin titi duk yamma a waccan shekarar, mota ta tsaya, mutane su sauko, ba ita. Ke ma wata takwas kika ce za ki yi, ga shi shekara biyar.

Me zan rubuta?

'Yarki,
Chela

Maryland
Janairu

Chela,

Na samu wasiƙarki. Ina lafiya, sanyi ne kawai, yatsun da babu su ma ciwo suke yi. Yanzu a kamfanin kaji nake aiki, hannun nan ba ya riƙe wuƙar ƙaguwa. Ki gaida Kaka, ki ce ta dinga ɗora ƙafafun kan kujera.

Na karanta abin da kika rubuta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Abin da na gane shi ne kina so ki ɗaure uwarki a gida, kin kuma samu igiya mai kyau wai ita gaskiya. Yaushe kika girma haka, ke da ko gaisuwa sai an janyo ki daga bayan zanen uwarki Mela?

Bari in gaya miki abin da ba a koya muku a makaranta ba. In kika sa "e", Ba'amurken nan ba zai ce madalla da mai gaskiya ba. Zai ce ina kika zauna? Da wa? Sai sunana ya fito, ni da ba ni da ko guntuwar takarda a ƙasar nan. Sannan ya ce to wa ya miƙa farar takardarki a Nuwamba? Sai sunan Otilia ya fito. In aka rufe Otilia an rufe Las Norias gaba ɗaya. Ki fita ƙofar gida ki ƙirga rufin kwano, kowannensu ƙaguwa ce ta yi shi, har da naku. Ba na son Otilia, bakinta ya fi wuƙarta kaifi, amma ita ce ƙofa ɗaya da garin nan yake da ita.

Kuma kin san abin da uwarki ta yi a wata huɗun nan? Ita ke ba ni abinci a baki. Ita ke yi mini wanka, ita ke ɗaura mini ɗan kamfai, ki yi haƙuri da maganar. Ta kwana a ƙasa a asibiti ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Ba yawon buɗe ido ta tsaya yi ba. Wannan shi ne laifin da kike so ki kai wa Bature a faranti.

Mela ba za ta zama irina ba. Ni ba ni da wanda ke jirana a bakin titi, ita tana da ku. Ki sa "a'a" kamar yadda aka ce miki, ki rufe bakinki. Kada ki karanta wa uwarki wannan.

Innarki,
Eufemia

Las Norias
Ƙarshen Janairu

Inna Femia,

Gaisuwa mai yawa. Kaka ta gode, ta ce kujerar ta fi ƙafafunta tsufa. Kowa lafiya.

Inna, ban ce zan yi ba. Cewa na yi ina tsoro. Da na san haka za ki ɗauka da na bar abina a cikina. Na yi kuka a bayan garken awaki, Chayo ta tambaye ni na ce barkono ne.

Na gama takardun kowa, ta Mama ce kawai nake mayarwa ƙasa. Doña Otilia ta ce, "Ke 'yar malama, ta uwarki da zinariya za ki rubuta ta?" Na ce alƙalami ne ya ƙare. Ta ba ni sabo.

Ga abin da ya ƙara tsorata ni. Wata mata daga La Joya ta je Monterrey makon jiya ta ce "a'a". Sai matar da ke bayan taga ta juyo mata da fuskar kwamfuta, ga sunanta, ga ranar da aka tsare ta a hanya shekarun baya. An ce mata ba ita ba Amurka har abada, ba don abin da ta yi ba, don ƙaryar. Doña Otilia ta ce ai wannan 'yan sanda ne suka rubuta ta, mu babu wanda ya rubuta mu. Amma Mama ta taɓa cewa ta sa hannu a takardun asibitinki a watan Disamba. Asibiti yana magana da kwamfutar Monterrey? Babu wanda ya sani a garin nan, kowa faɗa kawai yake.

Jiya na shiga kicin na tarar da Mama tana gasa tortiya, wainar masararmu, tana cewa "A'a. A'a, ranka ya daɗe," ita kaɗai, tana gwada muryoyi. Kowace murya ta fi ta baya rawa. Mama ko farashin kaza ba ta iya ƙarawa ba tare da kunnenta ya yi ja ba.

In na sa "e" na kashe gari. In na sa "a'a" suka gane, na rufe mata ƙofa har ta mutu. Kuma duk wanda na zaɓa ban san ko don ita na yi ba ko don kaina. Don Allah ki amsa da wuri, ko faɗa ne.

Chela

Maryland
Fabrairu

'Yata Chela,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Na daɗe ban amsa ba saboda kunya, ba wani abu ba. Lafiyata lau. Wasiƙarki ta biyu ta kwana biyu a aljihun rigar aikina, har ta ɗauki warin kaji.

Ranar Lahadi na yi ƙarfin hali na je wurin lauyar da ke zuwa cocinmu taimaka wa irinmu. Baturiya ce, tana Sifaniyanci kamar mai tauna dankali mai zafi, amma tana da kirki. Na ce mata ina da wata ƙawa. Ta ce kowa a nan yana da wata ƙawa. Ta ce wanda ya ƙara ƙasa da rabin shekara, kuma abin ya daɗe, yana da dalili, ana iya yafe masa, amma ba ta yi alkawari ba. Ƙarya kuwa in an kama ta, shi ke nan. Da na gaya mata zancen farar takarda sai ta dafe kai da hannu biyu. Na tambaye ta asibiti, ta ce ita ma ba ta san abin da kwamfutarsu ta sani ba, kuma abin da ba ta sani bana tana iya saninsa baɗi.

To ga abin da nake so ki yi. Ki sa "e". Kada ki gaya wa Mela, don za ta ƙi saboda ni. Kada ki nuna wa Otilia, ki cusa takardar a tsakiyar sauran, ba ta duba duka. In Mela ta isa taga ta ga gaskiya ta riga ta isa, bakinta zai saki. In sun tambayi sunana ta faɗa. Na gaji da ɓuya.

Kin san tsibiri ne nan. Ruwa ta kowane gefe, gada guda ɗaya, kuma duk sanda muka hau ta sai na duba ko akwai motar 'yan sanda a ɗaya bakin. Da uwata ta rasu, a wayar shagon Nacho na ji ƙarar ƙararrawar coci, ina tsaye a nan da takalmin roba. Ina iya tafiya gida gobe, babu mai hana ni fita. Dawowa ce babu, kuma da wannan hannun me zan yi a Las Norias? Na ce miki Mela ba za ta zama irina ba. Ban sani ba, Chela. Ni ma haka na ce game da kaina.

Abin da kika faɗa mini a farko ba laifi ba ne. Yarinya ce take son uwarta. Ni ce tsoro ya sa na karanta shi a juye.

Innarki mai ƙaunarki,
Femia

Las Norias
Maris

Inna Femia,

Ina gaisuwa. Babu abin yafewa. Kaka ta ɗan ji sauƙi, Chayo ta faɗi daga kan katanga amma gwiwa ce kawai.

Ban yi yadda kika ce ba. Na ɗauki alƙalami, na ji daɗi ya kama ni, daɗin cewa yanzu babba ta ba ni izini. Wannan daɗin ne ya sa na ajiye. Doña Otilia tana so in sa wa Mama "a'a" ba ta sani ba, ke kina so in sa mata "e" ba ta sani ba, kuma ita ce za ta tsaya a tagar.

Na same ta tana wanki a bakin rijiya. Na ce, "Mama, zan karanta miki wata tambaya." Na karanta mata, na kuma gaya mata abin da lauyar ta ce, duka, har da zancen farar takarda da sunanki.

Ba ta daina cuɗa rigar ba. Ta ce, "Kina zaton sai na iya boko zan san abin da ke ciki? Tun Disamba take kwana a ƙirjina."

Na ce, "To me zan sa?"

Ta ce, "Ke me kike so?"

Na kau da kai wajen rijiya. Ta kalle ni, ta daɗe tana kallo, ina jin ta gane. Sai ta matse rigar ta ce, "Sa abin da ya faru. Wata huɗu, 'yar'uwata ba ta da lafiya. Ba zan iya ba, Chela, na gwada. In na buɗe baki a gaban mutanen nan ko makaho zai gane. Amma ba za mu cusa wa Otilia a ɓoye ba. Wuyanta ne a ciki, sai ta sani."

Muka tafi tare. Doña Otilia tana ɓare gyaɗa da Doña Chonita. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "Comadre, kin sha wani abu ne?" Kin san ita ta riƙe ni ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna haka.

Mama ta ce, "Ba zan ambaci sunanki ba sai sun tambaya."

"Sai sun tambaya! To me suke yi a bayan gilashin, saƙa? Ni na rufa miki asiri lokacin da kika tsaya wanke wa Femia gindi, yau ni za ki kai?"

Doña Chonita ta ce, "Haba Otilia, a gaban yarinya."

"Yarinyar ai ita ce lauyar! Mela, ba zan sa ashana a motar da ke cike da fetur ba. Ko ki bari a sake cikawa, ko babu kujerarki."

Mama ta ce, "To babu." Kunnenta bai yi ja ba. Doña Otilia ta ja layi a kan sunanta. Da muka juya na ji tana fyace hanci. Ban iya jin haushinta yadda nake so ba.

Sauran matan sun je Monterrey sun dawo, duk an ba su. Yanzu in Mama ta shiga shago sai hira ta mutu. An daina kawo mini takarda in cika.

'Yarki,
Chela

Las Norias
Mayu

Inna Femia,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ban ji daga gare ki ba, wataƙila taki tana hanya, ko kuma kina fushi. Mu muna nan. Maganin Kaka ya ƙare, muna ba ta shayin ganye.

Matan sun tafi tun Afrilu. Garin ya koma na tsofaffi da yara da karnuka. Mama tana gida, abin da na roƙa ke nan. Da safe muna hawa dutse mu yanko ganyen lechugiya, mu kankare mu fitar da zare mu kai wa mai saye. Ruwansa yana cin hannu, nata duk ya tsage. Ba ta taɓa cewa komai ba. Da yamma takan yi mini kitso, har waƙa take yi. Ban taɓa samun ta haka ba tun ina ƙarama. Amma in motar yamma ta wuce, yanzu ita ce ke ɗaga kai.

A farkon watan nan na je injin niƙa na haɗu da wata tsohuwa daga La Joya, Doña Remedios. Ta ce, "Ke ce 'yar matar nan da ta ce e?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ɗago, ba sata ta yi ba. Ki gaya mata akwai wani mutum a Río Verde da ke ɗaukar mata wa wani gidan ƙaguwa daban, za su tafi a Yuni. Shi ba ya tsoron masu e, yana rubuta bayani ya haɗa. Wasu an ba su, wasu an hana. Ƙarshen wata zai rufe."

Na dawo gida da garin masara, ban faɗa ba. Washegari ma ban faɗa ba. Na ce wa kaina ai ƙila a hana ta, me ya sa zan sa mata rai. Na ce ƙila su tambayi farar takarda a rufe Doña Otilia da mata duka suna can. Na ce ƙila su zo ƙofarki. Duk gaskiya ne, har yanzu gaskiya ne. Amma ba su ne suka rufe mini baki ba, kitson ne.

Shekaranjiya na ga Mama ta zuba wa Kaka da Chayo wake, ta zuba mini, ta kankare tukunya ta ce ita ta ci a wurin aiki. Tare muka yini a dutsen, Inna.

Na tambayi Don Nacho, motar Río Verde tana tashi ranar Litinin da safe. Na roƙi maƙwabciyarmu ta zauna da Kaka, ban gaya mata dalili ba. Yau in mun sauko daga dutse zan gaya wa Mama, har da daɗewar da na yi ina riƙe da maganar. In ta ce za ta je, ni zan raka ta, in karanta mata kowane layi da ƙarfi kafin ta sa hannu. In an ba ta, zan kai mata jakarta har bakin titi, kuma ba zan yi kuka ba sai motar ta sha kwana.

Ki sa mu a addu'a. Ni na daina tawa ta da.

'Yarki,
Chela